Sunan Citta a Bakin Turawa

Yau shirin namu daga Godogodo yake zuwa muku, a ƙaramar hukumar Jama'a, kuma kan citta za mu tattauna.

Duk wanda ya bi hanyar Kafanchan da hunturu ya ga yadda ake yi: mata zaune da wuƙaƙe suna tsaga citta, ana shanya ta a kan duwatsu da tamfol, ƙamshinta na shiga hanci tun daga nesa. Idan ta bushe aka ɗura a buhu, sai Legas, sai jirgin ruwa.

To, can inda za ta, wane suna ake kiranta? Baturen Ingila ya ce ginger, Bafaranshe gingembre, Bajamushe Ingwer, mutumin Italiya zenzero, na Sifen jengibre, na Rasha imbir. Kunne zai ɗauka kowa da nasa, alhali duk tsatsonsu ɗaya. Daga Latinanci suka fito, inda ake cewa zingiber. Rumawa kuma daga Girkawa suka karɓa, su ma Girkawan a bakin fatake suka ji, domin citta ba amfanin gonar Turai ba ce. Kalmar 'yar Indiya ce. A harshen Sanskirit ana cewa shiringabera, aka kuma fassara ta da "mai siffar ƙaho", amma masana da dama sun fi karkata ga harsunan kudancin Indiya irin su Tamil, inda inji ke nufin citta, ver kuma saiwa. Wanda ya yi karatun allo ya ma san 'yar'uwarta, zanjabil, wadda aka ambata a Suratul Insan.

Abin da ya fi burge ni shi ne Bahaushe bai ari wannan suna ba. Ya duba da idonsa ya ce citta mai yatsu. Manomanmu kuma suka raba ta biyu: tafin giwa, mai kauri da ruwan ɗorawa, da yatsun biri, siririya mai duhu.

Wajen 1927 aka fara nomanta don sayarwa a wannan yanki. A daminar 2023 cutar ruɓewa ta faɗa wa gonaki a Kaciya, Jaba, Kagarko da Jama'a, manoma suka tafka asara, irin shuka ya yi wuya. Ku biyo mu, bayan wannan tallar za mu ji daga bakinsu.