Yayen 'Ya'yan Alade: A Koya Musu Ci Tun Suna Shan Nono

A unguwannin ƙetaren Kogin Kaduna, kamar su Television, da Sabon Tasha, da Narayi, da Romi, gidaje da yawa suna kiwon aladu a bayan gida. Kukan da masu kiwon su ke yawan yi shi ne, 'ya'yan suna sheƙi muddin suna tare da uwa, amma da an yaye su sai su ƙi ci, su kama zawo, su rame. Wanda ya tsumbure a wannan lokaci kuwa da wuya ya kamo 'yan'uwansa. Ko an kai shi kasuwar aladu ta Katsit, kusa da Kafanchan, da kallo ɗaya dillali zai gane shi.

Dalili shi ne, nonon uwa ya kan fara raguwa bayan mako na 3, su kuwa 'ya'yan bukatarsu ƙaruwa ta ke yi. Cikin da bai san kome ba sai nono ba ya iya karɓar dusa rana ɗaya.

Saboda haka tun suna da kwana 7 zuwa 10 sai a kewaye kusurwa guda ta ɗakin da itatuwa, a bar 'yar kafa wadda 'ya'yan za su shige, uwar ba ta iya. A zuba musu garin masara mai laushi, haɗe da ƙuliƙuli ko waken soya, da ɗan garin kifi in da hali. Waken lalle a soya shi tukuna, gama ɗanye yana hana abinci narkewa. Da fari wasa kurum za su yi da garin, suna tonawa da hanci. To, kada mai kiwo ya ga kamar ɓarna ce, ta haka su ke koyo. Kaɗan kaɗan za a zuba, sau 3 ko 4 a yini. In an dama shi kamar kunu sun fi ci, sai dai yana saurin tsami, don haka a wanke mazubin kullum. Dusar burukutu fa, duk da arharta, ta manya ce, ƙaiƙayinta ya fi ƙarfin jinjiri.

Waɗanda aka haifa a daɓen siminti su kan yi ƙarancin jini, sai malamin dabbobi ya yi musu allura suna da kwana 3.

A Turai a kan yaye a mako 4, amma da abinci na musamman. A Kaduna gara a jira mako 6 zuwa 8. Ran yaye uwar za a ɗauke, a bar 'ya'yan a ɗakin da su ka saba, da abincin da su ka saba har mako 2, sa'an nan a riƙa gauraya sabon a hankali. Mazubi ya zama dogo, don manya kada su ture ƙanana, ruwa mai tsabta kuma kada ya yanke. In da hunturu ne, a shimfiɗa musu busasshiyar ciyawa, a toshe kafar iska da buhu, domin yanzu babu ɗumin uwa.