Shirya Jana'iza Tun Ana da Rai

A yawancin kabilunmu ba a son maganar mutuwa a gida, wai kamar kiranta ake yi. Amma Yakubu bai ji tsoron wannan magana ba. A Farawa sura 49 ya tara 'ya'yansa, ya faɗa masu a fili inda za su binne shi: kogon Makfela, wanda kakansu Ibrahim ya saya a hannun Efron da shekel 400 na azurfa. Yusufu mutumin Arimatiya kuma ya sassaƙa kabarinsa tun yana da lafiya, a ciki ne aka sa Ubangijinmu (Matiyu sura 27).

Me ke cinye kuɗi a jana'izarmu? Jinkiri ne babba. Gawa tana kwance a mutuware sati uku, wani lokaci wata biyu, ana jiran ɗa daga Legas, ko ana jiran a gyara gidan ƙauye domin kada baƙi su yi dariya. Kowace rana asibiti yana lissafin kuɗinsa, kowace rana kuma masu zaman makoki suna cin abinci daga rumbun gwauruwa. Sa'an nan ga akwati mai tsada, ga anko, ga hayar rumfa da kujeru, ga saniya. Ranar da baƙi suka watse, sai a tarar an jinginar da gona, kuɗin makarantar marayu kuma babu.

Sai batun kai gawa gida. Mutumin Langtang ko Billiri ko Numan ya rasu a Fatakwal, dangi su ce dole ya kwanta kusa da kakanninsa. Wannan ba zunubi ba ne, Yakubu ma daga Masar aka kai shi Kan'ana. Amma mu tuna, ɗansa Yusufu shi ne mai mulkin Masar, yana da halin yi. Shi Yakubun nan kuwa, da matarsa Rahila ta rasu a hanyar Baitalami, a nan ya binne ta (Farawa sura 35). Tashin matattu ba zai tsallake kowa ba saboda nisan kabarinsa.

To, maigida, ka zauna da uwargida da manyan 'ya'yanka, ka kira ɗaya daga cikin 'yan'uwanka maza, domin sau da yawa daga wajensu gardama take fitowa. Ka faɗi inda kake so a binne ka, da kwana nawa za a jira. Idan akwatin katako na kafintan unguwa ya ishe ka, ka faɗa da bakinka, gama ɗa ba ya iya faɗin haka bayan ranka ba tare da an ce ya yi rowa ba. Uwargida ma ta faɗi nata. Waɗanda suke nesa za su iya zuwa sujadar godiya daga baya, bayan girbi, lokacin da hatsi yake gida.

A rubuta abin da aka shirya, a sa hannu a gaban fasto ko dattijon ikilisiya. A rubuta har da basussuka, wanda kake bi da wanda ake binka, da wanda zai riƙe gona da gida. Takarda ɗaya ta zauna a gida, ɗaya a wurin fasto.