Iccen da ba shi da mai shi ba ya girma

Tun shekara ta 1975 ƙasar Nijar ta keɓe ranar 3 ga watan Agusta domin dashen itatuwa. Daga wannan lokaci, gwamnati da ƙungiyoyin taimako sun yi ta kafa wuraren rainon itatuwa, suna raba wa manoma ƴaƴan bedi, da turare, da bagaruwa kyauta. A gundumomin Agiye, Gazawa da Gidan Runji, cikin jahar Maraɗi, wannan taimako ya bar darasi babba: icce na kyauta ba ya zama daji sai an san mai shi.

Dajin gari, dajin kowa

Bayan farin da aka sha a 1973, dabarar da aka fi bi ita ce ta dajin gari. Akan yanki fili a bayan gari, samari su haƙa ramu, a dasa, a watse. Idan rani ya yi, ba wanda ke ban ruwa, ba wanda ke korar awaki, domin ba wanda ya san ko wa zai ci amfanin itacen. Haka da yawa daga cikin waɗannan dazuzzuka suka bushe tun ba su yi inuwa ba.

A cikin gonaki ma matsalar ɗaya ce. Dokar gandun daji ta 1974 ta hana saran wasu itatuwa, irin su gawo, sai da izini. Manomi yana ganin iccen gonarsa na gwamnati ne, in ya taɓa a ci shi tara. Saboda haka sai ya riƙa tumɓuke tsiro tun yana ƙarami, kada ya girma ya zame masa rigima.

Shekara ta 1984

A watan Mayu na 1984, zamanin Janar Seyni Kunce, aka yi babban taron ƙasa a birnin Maraɗi kan yaƙi da hamada. A shekarar ne kuma yunwa ta auku. Wani ma'aikacin mishan ta SIM, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya riga ya lura cewa ƙananan ganyayen da ke fitowa a gonaki toho ne na kututturan da saiwarsu ke raye a ƙasa. Aka shiga bai wa manoman garuruwa 95 abinci, su kuwa su bar tohon ya tashi. An tsare itatuwa wajen dubu 500. Da rabon abinci ya ƙare, aka sare kashi biyu cikin uku. Amma waɗanda suka bar nasu sun samu makamashi, da abincin dabbobi, iska kuma ta rage binne musu shuka. Maƙwabta suka gani, suka koma wa aikin ba tare da an ba su ko tiya ɗaya ba. Wannan dabara ita ake kira sassabin zamani: a zaɓi rassa masu ƙarfi a kututturen sabara ko kalgo, a datse saura.

Misalin Ɗan Saga

A ƙasar Agiye, wadda a lokacin ta haɗa da Gazawa kafin a mai da ita gunduma a 2011, hukumar FIDA ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tallafa wa ayyukan raya karkara. Mutanen garin Ɗan Saga suka kafa kwamitin tsaro, maza da mata da makiyaya, suka yanke dokar da za ta hau kan mai saran iccen wani. Nan aka ga bambanci: taimakon ya tarar da jama'a sun shirya. Daga 2015 shirin ProDAF ya ci gaba da irin wannan aiki a jahohin Maraɗi, Tawa da Damagaram. Binciken da masana suka fitar a 2009 ya nuna itatuwa wajen miliyan 200 sun tashi a hekta miliyan 5 a kudancin ƙasar, akasarinsu ba dasa su aka yi ba.

Doka ma ta sake. Bayan dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar gandun daji ta 2004, gwamnati ta fitar da ƙuduri ranar 30 ga Yuli 2020 wanda ya tabbatar wa manomi haƙƙi a kan itatuwan da ya raina a gonarsa.

Abin da ya kamaci mai fili

Wanda aka ba itatuwa kyauta don ya kafa ɗan dajinsa, ya fara neman takardar shaidar fili wurin kwamitin filaye na garinsu, domin gardamar gado ta kashe dashe da yawa. Ya jira damana ta zauna, ya haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya, ya cire leda kafin ya binne. Ya yi shinge da ƙaya, ya tsare shi har rani biyu su wuce. Kada kuma ya raina tohon da ya tarar a filin, don ya riga na leda saiwa.

Ma'aikata kuwa, kada su tsaya ga ƙidayar abin da aka raba ranar biki. Su koma da bazara su ƙirga abin da ya rayu. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Allah ya kawo damana mai albarka.