Sukur: Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

A wannan mako za mu hau tuddan Mandara, can kan iyakarmu da Kamaru, zuwa garin Sukur da ke ƙaramar hukumar Madagali a Jihar Adamawa. A shekarar 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin jerin wuraren tarihi na duniya, kuma shi ne wuri na farko a Nijeriya da ya sami wannan matsayi. Sai a 2005 kurmin Osun da ke Osogbo ya biyo baya.

To, me baƙo yake zuwa gani? Akwai fadar Hidi, wato sarkin Sukur, wadda aka gina da duwatsu. Akwai hanyoyin da aka shimfiɗe da falalen dutse tun daga gindin tudu. Akwai gonaki hawa-hawa a jikin tsauni, kowane hawa da katangarsa mai tare ƙasa kada ruwan sama ya kwashe ta. Ga rumbuna, ga ramukan da ake turke shanu, ga kuma kufan wuraren narka tama, domin a da Sukur ta yi suna wajen ƙarfe.

Abin lura shi ne, ba siminti ne ya riƙe duwatsun nan ba. Jera su aka yi, ɗaya bisa ɗaya. Idan damina ta ture katanga, manomi ne zai sunkuya ya mayar da ita. Idan hanya ta zube, mutanen gari ne za su fito gayya. Ashe ke nan abin da duniya ta yaba ba dutse ba ne kawai, aikin hannun mutane ne masu rai. Ranar da samari suka gaji suka gangara birni, gonakin za su zube, takardar UNESCO kuwa ba za ta ɗaga ko tsakuwa ɗaya ba.

Mun ga misali a 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka kai hari suka ƙone gidaje. Baƙi suka ɗauke ƙafa. Waɗanda suka koma suka sake ɗaura jinka su ne masu wurin.

Saboda haka muke cewa bai isa a kira Hidi da dattawansa ranar bikin tarbar manyan baƙi kawai ba. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa da gwamnatin jiha suna da nasu aiki, amma akwai batutuwan da bai kamata a yanke su a ofis ba sai da bakin jama'a. Nawa baƙo zai biya, kuma kashi nawa zai tsaya a gari? Wa zai yi wa baƙi jagora, ɗan gari ko wanda aka kawo daga nesa? Ina baƙo zai shiga, ina kuma al'ada ta hana? Wa za a ɗauka hoto, da izinin wa? A wannan zama dole a ji muryar mata, waɗanda suke noma hawan nan, da ta samari, waɗanda za su gaje shi. A kuma riƙa karanta lissafin kuɗi a bainar jama'a, don kada zargi ya raba kan gari.

Wannan ba sabon ra'ayi ba ne. A 2007 kwamitin UNESCO mai kula da wuraren tarihi ya ƙara shigar da al'umma cikin manyan manufofinsa. Saura aiki.

Mu ma da muke zuwa buɗe ido muna da namu. Mu gai da masu gari, mu nemi izini, mu sayi abin da suka sana'anta, mu biya jagora hakkinsa ba tare da ƙwaruwa ba. Baƙo raɓa ne. Idan hantsi ya yi, mai gida ake bari da katangarsa.