Daga Dokokin Magina Zuwa Kundin Firimason

Uwargida, da zarar kin ji an ce Firimason, ƙungiyar asiri ce za ta faɗo miki a rai. Amma tsofaffin dokokinsu zancen lada ne da koyon sana'a da lafiyar ma'aikaci.

Rubutu mafi daɗewa da aka samu a Ingila, mai suna Regius, na wajen 1390 ne. Ya umarci maigida ya biya magina haƙƙinsu, kuma kada ya ɗauki yaro koyon aiki na ƙasa da shekara bakwai.

A 1598, William Schaw, mai kula da gine-ginen Sarki James na Shida a Sikotland, ya fitar da nasa dokokin. Ɗaya ta tsaya mini a rai, domin na sha jinyar waɗanda suka faɗo daga gini: duk maigidan da ya yi sakaci wajen kafa katakon hawa har wani ya ji rauni, ba zai sake shugabantar aiki ba.

Daga baya masu kuɗi da masu ilimi da ba su taɓa sassaƙa dutse ba suka shigo. Rassa huɗu suka haɗe a Landan a 1717. A 1723 wani limamin coci, James Anderson, ya wallafa sabon kundi da ya hana gardamar addini da siyasa a zamansu, ya kuma rufe wa mata ƙofa. Rantsuwar sirrinsu na cikin abin da ya sa Paparoma ya haramta wa mabiyansa shiga a 1738.

To ke fa, ranar da kika miƙa ɗanki koyon sana'a, kun yi magana da maigidansa kan wanda zai biya magani idan ya ji ciwo?