Yadda ake zana dutse da fentin ruwa

A ƙasashen Turai akwai manyan majami'u da aka gina da zallar dutse tun daga ƙarni na 11 zuwa na 15. Ta garin Durham da ke arewacin Ingila a 1093 aka aza harsashinta. Ta Salisbury kuwa a 1220 aka soma ta, kuma tsinin hasumiyarta ya kai mita 123, har gobe babu majami'ar da ta kamo ta tsawo a ƙasar. Duk da nauyin waɗannan gine-gine, kayan aikin da masu zane suka fi yi musu adalci da shi bai wuce ruwa da ɗan launi da farar takarda ba.

Fentin ruwa garin launi ne da aka kwaɓa da ƙaro. E, ƙaron nan dai na itacen dakwara da ake tsinta a Sudan da Chadi da Yobe da Jigawa, wanda malamanmu ke zubawa a tawada don ta kama allo. Shi ne ke riƙe launin a jikin takarda bayan ruwan ya bushe. A 1781 aka karrama wani Bature mai suna William Reeves saboda ya dunƙule wannan fenti ya zama 'yan ƙananan curi da za a jefa a aljihu. Daga nan mai zane ya ƙara samun sauƙin fita daga ɗaki ya je ya zauna a gindin ginin da kansa. Yaƙe-yaƙen Ingila da Faransa daga 1793 suka kuma tare wa matasan masu zane na Ingila hanyar ƙetare, sai suka juya kan tsofaffin majami'un gida. Cikinsu akwai Turner da Thomas Girtin, waɗanda aka haifa shekara guda, 1775. Girtin bai yi tsawon rai ba, ya rasu a 1802 yana ɗan shekara 27, amma zanensa na Durham a kan tudu, kogi na kwance a ƙasa, har yau ana koyi da shi.

Wahalar aikin a wuri guda take. A wannan sana'a, bisa al'ada, ba a shafa farin fenti. Duk inda ka ga rana ta bugi dutse a cikin zanen, takardar ce aka bari tsirara. Saboda haka tun kafin burushi ya taɓa ruwa, sai mai zane ya yanke shawarar inda hannunsa ba zai je ba. Yakan fara da fensir, ya fitar da ginshiƙai da bakunan ƙofofi masu tsini. Sai ya malala wani tsinkakken ruwan rawaya mai kalar ƙasa, ya jira ya bushe. Sannan ya haɗa shuɗi da ruwan ƙasa ya shiga inuwa: ƙarƙashin baka, bayan ginshiƙi, cikin ninkin rigar mutum-mutumin da aka sassaƙa a bakin ƙofa. Daga haske ake tafiya zuwa duhu, kamar yadi a marina, kowane tsomi ƙara masa duhu yake, kuma babu komawa baya. In an yi kuskure, sai dai a jiƙa a tsotse da tsumma, ko a kankare da wuƙa. Turner har da farcen babban yatsansa yake kankarewa.

Kaushin dutsen kuwa, rabinsa aikin takarda ne. Girtin ya fi son takarda mai kaushi wadda farinta bai cika ba. Wasu launukan ƙwayoyinsu na da nauyi, in ruwa ya fara bushewa sai su kwanta cikin ramukan takardar, su bar tudun fayau, ido ya ga kamar dutsen da ruwan sama ya shekara ɗari bakwai yana ci. In kuma aka matse burushi ya kusa bushewa aka ja shi da sauri, sai ya bar zane mai tsaga-tsaga. Sabon shiga yakan nace sai ya fitar da kowane tubali, ƙarshe zanen ya koma kamar takardar lissafi. Gwani tubali biyar ko shida zai nuna a kusa da kwana, ya bar wa ido sauran. A ganina nan ake gane wanda ya iya.

Ga kuma rana da ba ta jiran kowa. Inuwar da ke gefen hasumiya da hantsi ta kau kafin azahar, don haka dole mai zane ya zaɓi sa'a ɗaya ya tsaya a kanta.

Akwai wani amfani da ya wuce ƙawa. John Ruskin, marubuci kuma mai zane, ya yi shekaru yana kwafe sassaƙar majami'un Faransa da ta San Marko a birnin Benis, kusurwa bayan kusurwa. Yana ganin gyaran da ake yi wa tsofaffin gine-gine a zamaninsa rusawa ce da sunan gyara, domin ana cire tsohon dutse a maye shi da sabo. Har ya riƙa biyan wasu masu zane su je su adana abin da ya rage kafin magina su iso. Da yawa daga cikin ayyukan nan suna ajiye a garin Sheffield, masu bincike na komawa gare su.

Mu namu tsofaffin gine-ginen na ƙasa ne, damina ɗaya mai ƙarfi ta isa ta sauya musu kama. Ɗaliban zane na Zariya da Kano da Agadas, ga ganuwa da zaurukan masarautu da tsofaffin masallatai nan a gabanku, ƙaro kuma a kasuwa yake. Ku ɗauki takarda ku je ku zauna a gindinsu.