Mita 200: Iyakar Da Doka Ta Sa Tsakanin Mashaya Da Masallaci

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa na yawan tambayarmu: shin mutum na da ikon buɗe mashaya a jikin masallaci ko makaranta? Tambayar ta fi fitowa daga Domayo a birnin Marwa, inda mashayu da gidajen rawa suka yawaita a tsakiyar gidajen jama'a, sannan daga Yelwa a Garwa.

Hukuncin shari'a a fili yake. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haramta giya da caca. Nisan mashaya ba ya halatta abin da ake sayarwa a cikinta. To amma Kamaru ba da shari'ar Musulunci ake mulkinta ba, kuma a Domayo muna zaune ne da maƙwabta Kirista da wasunsu. Saboda haka wajibi ne mu san abin da dokar ƙasa ta tanada, domin mu rage ɓarna gwargwadon iko.

Dokar shugaban ƙasa mai lamba 90/1483 ta ranar 9 ga Nuwamba 1990 ita ce ta tsara harkar mashayu. Ta ce sai da lasisi daga hukumar mulki ake buɗe su. Ta hana buɗe mashaya, ko mayar da ita, a wurin da bai kai mita 200 ba daga asibiti, ko makaranta, ko wurin ibada. A miƙe ake auna wannan tazara, ba ta bin lunguna ba. Ta kuma sa lokaci: mai sayarwa a tafi da ita ya rufe ƙarfe 9 na dare, wanda ake sha a wurinsa ya rufe ƙarfe 12. Karuwanci kuwa ba shi da lasisi ko unguwa. Sashe na 343 na kundin hukunta laifuka na 2016 ya tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 5 a kansa.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Malaman Malikiyya sun daɗe da hukunta cewa a nisantar da sana'a mai cutar da maƙwabta, kamar majema da warinta. Ibnur Rami na Tunis ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce tun ƙarni na 14. Ko a Amurka, a 1986 kotun ƙoli ta amince wa garin Renton ya nisantar da gidajen siniman batsa ƙafa 1,000 daga makarantu da coci-coci da gidajen zama. Hikimar ɗaya ce: kada yaro ya taso yana ganin maye a hanyar makaranta har ya ɗauke shi ba komai ba.

Me ya kamata jama'ar masallaci su yi? Da farko a auna tazarar, kada a yi magana da ka. Sannan a rubuta koke da sa hannun liman da mai unguwa da iyayen yara, a kai wa Prefe ko mataimakinsa, a riƙe kwafi. A nemi haɗin kan shugabannin coci, domin dokar ta kare su kamar yadda ta kare mu. Kada matasa su ɗauki doka a hannunsu. Ƙona shago ko dukan mutum ɓarna ce da ta fi wadda ake son kawarwa.

Sai kuma mu duba gida. Duk Musulmin da ya ba da hayar gidansa alhali ya san mashaya za a yi da shi, ya taimaka a kan saɓo, kuma kuɗin hayar ba halal ba ne. Ba zai yiwu mu kai koke da safe, mu karɓi haya da yamma ba.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da garuruwanmu lafiya. Wallahu a'alam.